GADAR DA MANYANMU KE ƊAUKAR HOTO A KANTA, TA MAKIYAYA CE

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Shekaranjiya a teburin mai shayi a nan Bagwai wani abokina ya miƙo min waya. Hoton wani babban mutum ne ɗan ƙasar nan, ya sha hula hana-sallah, riƙe da sandar ƙwallon lambu, wato golf, yana tsaye kan wata 'yar gadar dutse a ƙasar Sikotlan. Aka yi ta tsaki a teburin, wani ya ce kuɗin jirgin kaɗai ya ishi unguwa guda takin bana. Ban musa ba. Amma ni gadar ce ta ɗauke min hankali, don tarihinta ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Sunan gadar Swilcan, a filin golf na garin St Andrews wanda ake kira Old Course. Duk mai buga wasan nan a duniya burinsa ya taka filin ko sau ɗaya, shi ya sa attajirai daga Amurka, Japan, har da Najeriya suke niƙar gari su tafi. To ita wannan gada, ɗaruruwan shekaru da suka wuce aka gina ta domin makiyaya su riƙa tsallakar da dabbobinsu ƙorama. A taƙaice dai, burtali ne.

Asalin filin jigawa ce a bakin teku, yashi da ciyawa, ba ta noma. Mutanen gari suna kiwo a ciki, mata suna shanya wanki, samari suna buga 'yar ƙwallo da sanda. Wasan ya ci mutanen ƙasar har a 1457 Sarki James na Biyu ya haramta shi, saboda ya hana matasa koyon harbin kibiya. A 1552 aka rubuta takardar da ta tabbatar wa mutanen St Andrews haƙƙinsu na wasa a filin. A nan ne kuma a 1764 aka rage ramukan wasan daga 22 zuwa 18, adadin da duniya take bi har gobe.

Ga inda labarin ya yi kama da namu. A 1797 majalisar garin ta ci bashi ta tsiyace, sai ta sayar da filin. Ya faɗa hannun masu kiwon zomaye, zomaye suka yi ta haƙa ramuka suna ɓata wurin. Mutanen gari ba su ce "Allah Ya isa" su koma gida ba. Shekara wajen ashirin ana shari'a ana rigima, har 1821 da wani mai ƙasa, James Cheape, ya saye filin ya bar wa masu wasa. A 1894 aka yi doka filin ya dawo hannun gari, a 1974 kuma wata dokar ta damƙa shi ga kwamitin amintattu. Har yau filin na jama'a ne. Baƙo zai biya kuɗi masu yawa, sau da dama ma sai ya shiga ƙuri'a kafin ya samu gurbi, amma ɗan gari tikitinsa na shekara mai rangwame ne. Ranar Lahadi, in ba ana babbar gasa ba, ana rufe wasa, kowa ya shigo ya sha iska da iyalinsa. Akwai ma wata hanya da ta ratsa tsakiyar filin, mutane na bi zuwa bakin teku.

Ku kwatanta da ɗaya filin da ake rububi, Augusta a jihar Jojiya ta Amurka, inda ake gasar Masters tun 1934. Shi kulob ne na 'yan gata, sai an gayyace ka. Baƙar fata bai buga gasar ba sai 1975, Lee Elder. Ba su karɓi baƙar fata a matsayin ɗan kulob ba sai 1990, mata kuwa sai 2012. Shekara da shekaru baƙaƙen da ake gani a filin masu ɗaukar jakar sanduna ne. Shi ya sa da Tiger Woods ya lashe gasar a 1997 abin ya wuce maganar wasa.

To mu wanne muka gada? Na biyun, wallahi. Turawa sun ci Kano a 1903, ba a jima ba suka kafa unguwanninsu a Nasarawa da Bompai, da kulob, da filin sukuwa, da filin golf. A Jos masu haƙar kuza suka yi na Rayfield a 1913. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Lugga, ta tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. A garuruwa da dama irin wannan tazara ce ta zama wurin wasanninsu. Ka ga ke nan filin ya zo mana ne a matsayin katanga marar bulo. Da yake ruwan shayar da ciyawa ya yi ƙaranci a Arewa, sai suka riƙa cakuɗa yashi da baƙin mai suna daɓe kewayen ramin. 'Ya'yan talakawa kuma su ne masu ɗaukar jaka, kuma daga cikinsu ne aka samu da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan. Bayan 'yancin kai Bature ya tafi, manyan sojoji da manyan ma'aikata suka gaji sandar. Da aka koma Abuja, a 1991 aka buɗe wani katafaren fili mai sunan IBB.

Yanzu mu dawo gida. Filin golf mai rami 18 yakan ci kusan hekta 60. A ƙasar Kano, inda gona ke jingine da gona, gado kuma kullum ƙara tsattsaga ta yake, wannan gonakin gidaje da yawa ne. Don haka ba cewa nake a yi mana filin golf a bakin Dam ɗin Watari ba. Ruwan dam ɗin, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, shinkafa da tumatir da albasa sun fi buƙatarsa.

Abin da nake cewa shi ne mu ma muna da namu filayen jama'a: burtali, makiyaya, mashaya, filin idi, filin ƙwallon samari, harabar firamare, maƙabarta. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ce amana ce aka ba gwamna ya riƙe ƙasa domin amfanin jama'a. Amma ku faɗa min tsakani da Allah, burtalin da muka kora awaki a cikinsa muna yara, faɗinsa yana nan? Wanda na sani a da garke guda yana wucewa a sake, yau saniya biyu ba sa jerawa. Wannan ya ci taku ɗaya bana, maƙwabcinsa ya ci biyu baɗi. Damina ta zo, shanu su faɗa gona, a zare sanda da adda, a kwana a ofishin 'yan sanda. Filin da muka buga ƙwallo an yanka gefensa shaguna, ba wanda ya ga takarda, ba wanda ya tambaya. Kuma kada mu ɗora wa hukuma kaɗai, mu ne masu saye, mu ne shaidu.

Mutanen St Andrews ba su fi mu son ƙasarsu ba. Abin da suka fi mu shi ne takarda da naci. Sun rubuta haƙƙinsu tun 1552, da aka sayar suka bi shari'a, da suka karɓo suka ɗaure shi da doka. Yau jigawar da ba ta fitar da ko damin hatsi ita ke ciyar da garin, otal-otal da masu mota da masu ɗaukar jaka duk a kanta suke ci.

Shawarata ga matasanmu da ƙungiyoyin ci gaban gari: a zauna da masu unguwanni da dagatai da ardo-ardo tun dattawan da suka san iyakoki suna raye. A zaga kowane fili, a auna, a kafa alama, a rubuta, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a wurin hakimi da ƙaramar hukuma da masallacin Juma'a. Wayar hannunka ma tana iya ɗaukar taswira. Aikin mako biyu ne a kowace mazaɓa, in an so.

Su kuma manyanmu masu zuwa Sikotlan, Allah Ya kiyaye hanya. Roƙona in sun hau gadar, su tambayi masu wurin yadda aka yi fili ya shekara sama da 450 ba a yanka shi fuloti ba, su taho mana da amsar a matsayin tsaraba.

Wane filin jama'a ne ya ɓace a garinku? Ku ambaci wurin, ban da sunan mutum, don ba faɗa muke nema ba. Allah Ya sa mu gyara.