Wasan Aji da Aji a Kwalejin Mata ta Wesleyan: Tarihi da Darasinsa

Duk wanda ya taɓa shirya wasan kwaikwayo a makaranta ya san cewa ba ƙaramin aiki ba ne. To, ina ga a ce ɗalibai ne da kansu za su ƙago labarin, su rubuta shi, su tsara waƙoƙinsa, su ɗinka kayan sawa, sannan su hau dandali su kara da sauran azuzuwa? Irin wannan al'ada ta daɗe a kwalejojin mata na ƙasar Amurka. A wannan ɗan rubutu za mu dubi tarihinta a ɗaya daga cikinsu, wato Kwalejin Wesleyan da ke garin Macon a Jihar Jojiya, mu ga amfanin da ta yi da kuma ƙurar da ta kwaso a hanya.

An ba da izinin kafa wannan kwaleji a shekarar 1836, ta buɗe ƙofarta a 1839, kuma a 1840 Catherine Brewer ta zama ta farko da ta karɓi digiri a cikinta. Kwalejin tana alfahari da cewa ita ce ta farko da hukuma ta ba izinin ba mata digiri. A wancan zamani mutane da yawa na ganin zurfin ilmi bai dace da 'ya mace ba, don haka aka tsare ɗaliban da dokoki masu tsauri game da fita da karɓar baƙi. Da yake an ce in an rufe ƙofa sai a nemi taga, 'yan matan suka shiga ƙirƙiro wa kansu hanyoyin zumunci a cikin gida. A 1851 suka kafa ƙungiyar Adelphean, a 1852 kuma ta Philomathean, waɗanda ake lissafa su a matsayin ƙungiyoyin asiri na farko na ɗalibai mata. A 1859 aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai.

Daga cikin wannan yanayi ne gasar da ake kira STUNT ta fito a shekarar 1897. Tsarinta kuwa shi ne, kowane aji daga cikin azuzuwa huɗu zai zaɓi 'yan kwamiti su rubuta masa ɗan gajeren wasa mai waƙa da rawa da barkwanci. Ajin ne zai fitar da mai ba da umarni da 'yan wasa da masu gyaran dandali. Ranar gasa alƙalai su zauna, iyaye da tsofaffin ɗalibai su cika zaure, ajin da ya yi fice ya ɗauki kofi. Kuɗin da aka tara a ƙofa kuma ana zuba shi a asusun tallafin karatu na ɗalibai. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, an yi raha, an kuma taimaki na baya.

Ba Wesleyan kaɗai ke da irin wannan ba. A Kwalejin Barnard ta birnin Niyok, daga 1903 zuwa 1968, 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu sun riƙa karawa a wasannin da suka kwaikwayo daga Girkawan dauri, inda ake gasar rubuta waƙa da rawa da tseren keken doki, ɗalibai ne kuma ke tsayawa a matsayin dawakin. A Kwalejin Agnes Scott, ita ma a Jojiya, an fara bikin Baƙar Kyanwa a 1915, bisa shawarar likitar makarantar, Dokta Mary Sweet, domin gasar basira ta maye gurbin azabar da manya ke gana wa sababbin shiga.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne abin tarihi a wasan yara? Amsar tana ga zamanin da abin ya faro. Sai a 1920 matan Amurka baki ɗaya suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. Shekara ashirin da uku kafin nan, 'yan matan Wesleyan sun riga sun fara zaɓen kwamiti, da rabon aiki, da riƙe kuɗi, da tsayawa gaban jama'a su faɗi abin da suka rubuta da hannunsu. Da yake babu ɗalibai maza a makarantar, babu wanda za a miƙa wa alƙalami ko shugabanci, dole mace ta riƙe kowane matsayi. Haka kuma dandali wuri ne da ƙarami ke iya zolayar babba a yi dariya a wuce, kamar yadda muka sani a wasan tashe.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Abin da ya ƙara wa gasar zafi shi ne a da kowane aji na da sunansa da launinsa, waɗanda ke zagayowa duk bayan shekara huɗu: Jarumai masu kore, Jarumai masu shunayya, Zukatan Zinariya, da kuma 'Yan Fashin Teku masu ja. Wannan na ƙarshe asalinsa ba mai daɗin ji ba ne. Azuzuwan da suka gama a 1909 da 1913 da 1917 sun laƙaba wa kansu sunan Ku Klux Klan, wato ƙungiyar nan ta farar fata da ta shahara wajen firgita baƙar fata da kashe su a kudancin Amurka bayan yaƙin basasa. Littafin tunawa na ɗaliban 1913 ma sunan ƙungiyar aka sa masa. Daga baya aka sassauta sunan ya koma Tri-K, wato K uku, ba a kuma yar da shi ba sai a farkon shekarun 1990. Bugu da ƙari, a bikin karɓar sababbin ɗalibai an daɗe ana amfani da riguna masu rufe fuska da igiyar rataya, alhali kuwa irin wannan igiya ce aka riƙa rataye baƙar fata da ita a kan itatuwa.

Muddin babu baƙar fata a cikin ɗaliban makarantar, an ɗauki duk wannan a matsayin wasa. Amma a 1968 ɗalibai baƙar fata suka fara shiga, biyar daga cikinsu suka kammala a 1972. Mu ƙaddara halin yarinyar da kakanninta suka ɗanɗana wannan ukuba, a ce mata ta sa rigar aji ta yi murna a ƙarƙashin irin wannan suna. Abin da ya haɗa kan wasu, shi ne ya ware wasu.

A shekarar 2017 jaridar Atlanta Journal-Constitution ta buga dogon rahoto a kan wannan tarihi, kwalejin kuma ta fito fili ta nemi gafara. A 2018 hukumar makarantar ta jingine sunayen azuzuwan gaba ɗaya. Wasu tsofaffin ɗalibai sun ji zafin haka, domin a ganinsu an raba su da abin da ya ɗaure zumuncinsu na shekaru. Wasu kuwa suka ga gyaran ma ya makara. Ita gasar STUNT ba a soke ta ba, saboda ginshiƙinta shi ne rubutu da haɗin kai da taimakon juna, kuma babu ko ɗaya cikin ukun nan da ke bukatar wancan suna.

A ƙarshe, wannan tarihi na da abin da zai gaya wa malamai da marubuta. Na farko, in aka sakar wa ɗalibai mara su rubuta wasansu da kansu, za a sami marubuta da shugabanni daga inda ba a zata ba. Na biyu, daɗewar al'ada ba ta wanke ta. Kowace tsara na da haƙƙin ta zauna ta tankaɗe abin da ta gada, ta riƙe tsaba ta zubar da dusa. Ya kamata duk mai shirya wasa ya tambayi kansa tun kafin a ɗaga labule: wa za a yi dariya tare da shi, wa kuma za a yi wa dariya? Wesleyan ta ɗauki fiye da shekara ɗari kafin ta amsa wannan tambaya. Allah Ya sa mu fi ta saurin ganewa.