Shekarar da Masu Gida Suka Yi a Gasar 'Yan Dagaji

Duk motar da za ta bar tsakiyar Kano zuwa Kaduna, a bisa al'ada, ta titin Zariya take bi: ta ratsa Gyaɗi-Gyaɗi, ta gifta Unguwa Uku, ta fice ta Na'ibawa. A shekarar 2021 da farkon 2022, wannan ita ce hanyar da magoya bayan Kano Pillars suke bi idan suna son kallon wasan da ake kira na gida, domin a filin Ahmadu Bello na Kaduna ƙungiyar take karɓar baƙinta. Kulob ɗin da ake yi wa kirari da "Sai Masu Gida" ya zama ɗan haya a garin wasu. Wanda yake son fahimtar yadda zakaran Najeriya har sau huɗu ya rikito zuwa rukuni na biyu a 2022, daga wannan titi ya kamata ya faro.

Tarihin ƙwallo a Kano ya girmi Pillars nesa ba kusa ba. A 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, ta ɗauki Kofin Gwamna, wanda tun da aka soma shi a 1945 bai taɓa barin Legas ba. Bayan shekara 25 sai Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan Saul Raccah, attajirin gyaɗar nan da ya zo daga Tarabulus, ta lashe gasar ƙasa a 1978. A shekarar ce kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele da kansa yana sanye da rigar baƙin. Amma kulob ɗin da ya dogara da aljihu guda, ranar da aljihun ya rufe ranar yake mutuwa. Raccah ta watse, Kano ta zauna ba ta da wakili mai ƙarfi.

Wannan giɓi ne aka cike a 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru. Aka haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars a ƙarƙashin gwamnatin jiha, Alhaji Ibrahim Galadima yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka kan lamarin. An dai guje wa ƙaddarar Raccah, tunda baitulmali ba ya mutuwa. Sai dai an ɗauko wata larurar: shugabancin kulob ya zama muƙamin da ake naɗawa daga gidan gwamnati, albashin 'yan wasa kuma ya rataya a kan sakin kuɗi daga ma'aikata.

Shekarun daɗi sun zo, kuma sun daɗe. An ci gasar farko a 2008 a hannun Kadiri Ikhana. A 2009 Pillars ta yi abin da har gobe ake labari a majalisun dare: ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan 1 da 1 a Kano da 2 da 2 a Alƙahira, ta kuma kai zagayen kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Wani matashi mai suna Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya wuce Turai. Sai kofuna uku a jere, 2012 da 2013 da 2014.

Ginshiƙin duk wannan shi ne filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta yi nasara da ci 2 da 1, ba wata ƙungiya da ta doke Pillars a gida a wasan lig. Shekara 12 ke nan. Gaskiya ne cewa a gasar Najeriya ta wancan zamani cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowa, kuma ba ƙwarewa kaɗai ke jawo hakan ba; tafiyar kwana guda a mota, da matsin da alƙalan wasa ke sha, duk suna ciki. Duk da haka ba kowane gari ne yake cika fili kamar Kano ba. Yaron Tarauni da ke sanye da rigar Arsenal ko Madrid, yana biyan kuɗin gidan kallo ranar Asabar, shi ne dai ranar Lahadi zai tsaya a rana tun azahar yana jiran a buɗe ƙofa.

To, taron da yake ɗaga ƙungiya shi ne kuma yake iya kayar da ita. Alamar ta bayyana a 2019, a wasannin tantance zakara da aka yi a Agege ta Legas, inda 'yan kallo suka kutsa fili bayan kunnen doki da Enugu Rangers, aka kuma dakatar da kyaftin Rabi'u Ali. Ɗaukar kofin ƙalubale a Kaduna a shekarar, da bugun fenariti a kan Niger Tornadoes, ya rufe wannan tabo, har aka manta.

Kakar 2021/2022 ba ta bar abin rufewa ba. Ƙungiyar ta fara da ƙafar hagu a zaman hayarta na Kaduna. Da aka samu izinin komawa Kano a watan Afrilun 2022, sai aka ɗauka wahala ta ƙare. Wasan da Katsina United ne, maƙwabciya kuma abokiyar hamayya. Bai ƙare lafiya ba: an shiga fili, an farfasa motar baƙi. Hukumar gudanar da gasar ta ci Pillars tarar miliyoyin naira, ta zaftare mata maki, ta kuma kora ta Abuja. A watan Yuni, a wasa da Dakkada, shugaban kulob ɗin na lokacin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, wani hukuncin ya sake biyowa. Da aka rufe kaka a watan Yuli, Rivers United ce zakara, huɗun da suka faɗi kuwa su ne Kano Pillars da Katsina United da Heartland da MFM ta Legas. Mai fasa mota da mai motar, rami ɗaya suka faɗa.

Gasar rukuni na biyu, wadda ake kira NNL, Bahaushe kuma ya laƙaba wa irinta sunan gasar 'yan dagaji, wata duniya ce daban. Ba talabijin, ba kuɗin tallafi na a zo a gani, filaye wasu ciyawa wasu ƙura. Ana raba ƙungiyoyi gida-gida, Arewa da Kudu, don rage tsadar tafiya, sannan waɗanda suka yi fice su haɗu a gari ɗaya a fitar da masu hawa. Ko ranar farawa ba ta da tabbas: Pillars ta faɗi a Yulin 2022, amma ba a take leda ba sai da 2023 ta shigo. Watannin jira irin waɗannan su suke kashe ƙananan ƙungiyoyi, domin ɗan wasa ba zai ci alkawari ba.

Pillars ba ta watse ba. Rabi'u Ali, wanda shekarunsa sun riga sun ja, bai tafi ba, kuma wannan tsayawar ta fi wasu kofunan daraja a idon Kanawa da yawa. Evans Ogenyi ya ja ragamar horarwa, ƙungiyar ta fito daga rukuninta, ta tafi Asaba wasannin ƙungiyoyi takwas. Filin Stephen Keshi ba baƙon wuri ba ne, kuma ba wurin daɗin tunawa ba: nan ne a 2018 Pillars tana gaba da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a fenariti. A wannan karon an samu abin da aka je nema, wato tikitin hawa, ko da yake Heartland ce ta yi nasara a wasan ƙarshe. An dawo da labarin ne 'yan makonni bayan sabuwar gwamnati ta kama aiki a Kano, don haka kowane ɓangaren siyasa ya samu abin cewa.

Sai dai a dubi jerin waɗanda suka hau: Heartland, Kano Pillars, Katsina United, da Sporting Lagos. Uku daga cikin huɗun da suka faɗi sun dawo nan take, kuma ukun duka na gwamnatocin jihohi ne. MFM, wadda coci ke ɗauke da ita, ba ta dawo ba. Wannan yana nuna cewa faɗuwa a Najeriya ba hukunci ɗaya ba ce ga kowa.

Masu bin ƙwallon Birtaniya a gidajen kallon Gyaɗi-Gyaɗi sun san wani labari da ya yi daidai da wannan a shekaru, ya kuma saɓa masa a komai. Wrexham ta yankin Wales, wadda aka kafa a 1864, ta fice daga manyan rukunan Ingila a 2008, shekarar da Pillars ta ci kofinta na farko, ba ta kuma koma ba sai 2023, shekarar da Pillars ta dawo. A cikin waɗannan shekaru 15 kulob ɗin ya kusa rushewa, magoya baya suka tara kuɗi suka karɓi ragamarsa a 2011, suka riƙe shi har zuwa 2021 da taurarin fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka saya. Mutumin da ya sa kuɗinsa ya ceci kulob, da wuya ya ɗauki dutse ya jawo masa tara. Mai goyon bayan Pillars kuwa ba a taɓa ba shi hannun jari ko kujera a wurin yanke shawara ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne kuɗin ƙofa da maƙogwaro. Idan tara ta zo, baitulmali ne zai biya. Shekara ɗaya a ƙasa ba ta isa ta sauya wannan lissafi ba.

Bayan dawowar, abubuwa sun yi kamar za su daidaita. Ahmed Musa ya sake komowa a 2024 tare da Shehu Abdullahi, fili ya cika, a 2025 kuma aka naɗa Musan babban manajan ƙungiyar. A shekarar ce Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa a 2024, ita ma ta hau daga Asaba, Kano ta samu wakilai biyu a babbar gasa.

A watan Oktoban 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta zo Ƙofar Mata, ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe, aka tashi 1 da 1. 'Yan kallo suka tsallaka shinge, aka far wa alƙalai da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki 3 da ƙwallo 3, ta ci ta tara, ta rufe mata filin Sani Abacha. Wurin da aka tura ta yin wasanninta na gida shi ne filin Muhammadu Dikko, gidan Katsina United.