Bayan An Buɗe Kati Uku: Yadda Lissafi Ya Shiga Teburin Foka

A majalisun yamma na Rigachikun, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, idan an ce karta yawanci Whot ake nufi, wasan da William Henry Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, ya kuma samu gida a Nijeriya fiye da ƙasar haihuwarsa. Foka, wasan kartar Amurkawa, bai taɓa yin saiwa a ƙasar Hausa ba. Amma tarihinsa ya cancanci a sani, domin a teburinsa aka daɗe ana fama da wata tambaya: yaya ake yanke shawara alhali rabin gaskiya a rufe take?

Nau'in da ya fi shahara ya taso ne a jihar Teksas a farkon ƙarni na 20. Ana ba kowa kati biyu a ɓoye, a zuba kuɗi, sannan a shimfiɗa uku a fili waɗanda kowa zai haɗa da nasa. Biyu kuma na tafe, ɗaya bayan ɗaya. Wannan shimfiɗa ta kati uku ita ce mararrabar wasan: mai wasa ya ga biyar daga cikin bakwai da za su yanke masa hukunci, sai ya zaɓi ya ƙara kuɗi, ko ya bi, ko ya janye.

Mutanen farko sun dogara ne da ido. 'Yan Teksas irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim, waɗanda suka kai wasan Las Vegas a shekarun 1960, sun yi suna wajen karanta fuska da rawar hannu. A 1970 Benny Binion ya fara gasar duniya a gidan cacarsa na Horseshoe. Sai dai tun a 1944 masanin lissafi John von Neumann da Oskar Morgenstern sun nuna cewa burga, wato zuba kuɗi da hannu mara ƙarfi don tsorata abokin wasa, tana da gurbi a lissafi: wanda ba ya burga ko kaɗan, duk ranar da ya zuba kuɗi kowa ya san abin da ya riƙe. Littafin David Sklansky na 1976 ya kawo irin wannan tunani ga 'yan wasa na gari.

Ga yadda lissafin yake. Katunan 52 ne, iri huɗu, kowane iri 13. A ce mutum na riƙe da biyu iri ɗaya, shimfiɗar ta kawo biyu irinsu. Saura ɗaya ya cika biyar. Tara ne suka rage cikin 47 da bai gani ba. Damar samu a kati na gaba kusan kashi 19 cikin ɗari ce, a katunan biyu kuwa kusan 35. To, idan akwai naira 10,000 a tsakiya kuma ana neman 2,000 kafin ya ga kati na gaba, yana buƙatar kusan kashi 17 ne kawai, don haka bi ya fi. Idan 5,000 ake nema, yana buƙatar 33, janyewa ta fi. Hannun bai canza ba, farashin ne ya canza. Abin da ya fi yi wa mutane wuya shi ne yarda cewa kuɗin da suka riga suka zuba ba nasu ba ne kuma. Ɗan kasuwar da ke ƙara jari a hajar da ta ƙi tafiya ya san wannan ciwo.

Daga baya kwamfuta ta karɓe fagen. A Janairun 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a wasanni 120,000 cikin kwana 20, ba tare da ta kalli fuskar kowa ba.

Duk wannan bai fitar da foka daga caca ba. Malamai sun sanya wasa a kan kuɗi cikin maisir da Suratul Ma'ida ta haramta, kuma ko a lissafi, abin da gwani ya ci daga aljihun na kusa da shi ya fito, bayan gidan caca ya cire kasonsa. Cacar da ta iso wayoyin matasan Kaduna ma ta fi wannan tsauri: a cacar ƙwallo kamfani ne ke yanka farashi, da ribarsa a ciki tun kafin a busa usur. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke ikon dokar caca ta tarayya ta 2005 a kan jihohi, ta ce tsara harkar hurumin majalisun jihohi ne. Ke nan batun shagunan caca na Rigachikun yana hannun majalisar dokokin Kaduna.