Binciken gida-gida a kashe-kashen Whitechapel na 1888: abin da ya rage a takardu

Idan aka tsinci gawa ba a ga wanda ya yi kisan ba, aikin farko na ƴan sanda shi ne bin ƙofa-ƙofa suna tambayar maƙwabta: wa ya ji ihu, wa ya ga baƙuwar fuska, ƙarfe nawa aka rufe shago. Da Faransanci ana kiran wannan aiki « enquête de voisinage ». Ga mai binciken tarihi, amsoshin da aka rubuta a safiyar farko sun fi kusan kowace shaida daraja, domin an same su kafin jita-jita da jaridu su gurɓata tunanin mutane. Sai dai sau da yawa su ne ke fara ɓacewa daga ma'ajiya. Kashe-kashen unguwar Whitechapel, a gabashin birnin Landan, misali ne da ya nuna haka ƙarara.

Tsakanin 31 ga Agusta da 9 ga Nuwamba na shekarar 1888 an kashe mata biyar da yawancin masu bincike ke ɗora wa mutum guda, wanda aka laƙaba wa suna Jack the Ripper: Mary Ann Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Har yau ba a gurfanar da kowa ba. Unguwar ta talakawa ce, cike da baƙin haure da gidajen kwanan haya inda ake biyan kwabo huɗu na Ingila a kwana ɗaya. Ƴan sanda sun ƙirga irin waɗannan gidaje 233, masu ɗaukar mutum kusan 8,500 a dare. Wanda ya kwana nan yau, gobe yana wani wuri, abin da ya sa tambayar maƙwabta ta zama jan aiki.

Bayan an kashe Stride da Eddowes a dare ɗaya, 30 ga Satumba, aka faɗaɗa binciken. Rahoton da babban sufeto Donald Swanson ya aika wa Ma'aikatar Cikin Gida ranar 19 ga Oktoba shi ne babbar madogara a kansa. Ya ce an raba takardun neman bayani 80,000 ga masu gidaje, an yi wa ƴan haya sama da 2,000 tambayoyi, an ziyarci mahauta da masu yanka 76, an bi diddigin zirga-zirgar mutum fiye da 300, an kuma tsare kimanin 80 kafin a sake su. A tsakiyar watan ne aka shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya a yankin da ke tsakanin iyakar tsohon birni, layin dogo na Great Eastern da titin Whitechapel, aka kammala ranar 18. Babu takardar izini daga kotu, sai da yardar mai gida ake shiga, a leƙa ƙarƙashin gado, a buɗe kabad, a duba wuƙaƙe. Makonni uku bayan haka aka kashe Kelly a ɗakinta na Miller's Court, cikin yankin da aka gama bincikewa.

Abin da mai bincike zai so gani shi ne littattafan da jami'an suka riƙa cikawa a bakin ƙofofi, da sunaye da amsoshi. Waɗannan ba su kai gare mu ba. Jimillar adadi ce kawai ta rage, da taƙaitawar manya.

Labarin Matthew Packer ya nuna dalilin da ya sa wannan rashi ke da nauyi. Packer mai sayar da ƴaƴan itace ne a lamba 44 titin Berner, dab da farfajiyar da aka tsinci gawar Stride. Da safiyar kisan sajan Stephen White, wanda aka ba aikin bin gidajen titin, ya tambaye shi, ya ce ya rufe shago da misalin sha biyu da rabi na dare saboda ruwan sama, kuma bai ga kowa ba. Kwana kaɗan bayan haka wasu masu bincike masu zaman kansu biyu, Grand da Batchelor, suka same shi, sai labari ya sauya: wai ya sayar wa wani mutum inabi, matar tana tare da shi. Jaridar Evening News ta 4 ga Oktoba ta buga hirarsa, inda ya yi iƙirarin cewa babu ɗan sandan da ya tambaye shi komai. Wannan zargi ne ya sa White ya rubuta rahoto a ranar, yana maimaita abin da Packer ya faɗa masa da farko. Da jaridar ba ta tsokani ƴan sanda ba, da ba mu san amsar farko ba, tunda littafin White ma ya ɓace. Likitan da ya duba gawar ya ce bai ga ɓawo ko ƙwayar inabi a cikinta ba, ba a kira Packer ya ba da shaida a zaman binciken mutuwar ba, shi kuma Grand daga baya an ɗaure shi kan neman kuɗi ta hanyar barazana. Duk da haka labarin inabin yana nan cikin littattafai da finafinai kamar tabbatacce.

Wani tarko shi ne abin da manya suka rubuta bayan ritaya. Robert Anderson, shugaban sashen binciken manyan laifuka, ya rubuta a littafinsa na 1910 cewa binciken gida-gida ne ya kai su ga yanke cewa mai kisan Bayahude ne talaka daga Poland, wanda danginsa ke rufa masa asiri. Amma a takardar da shi kansa ya rubuta ranar 23 ga Oktoba 1888, kwana biyar da kammala binciken, cewa ya yi ba su da ko ƙaramar alama. A ganina takardar da aka rubuta ana tsakiyar aiki ta fi cancantar a yarda da ita fiye da tunanin da aka rubuta bayan shekara 22, musamman da yake zargin ya faɗa kan al'ummar da ake tsangwama a lokacin.

Mai son duba asali zai fara da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew, inda fayilolin ƴan sandan Landan ke ƙarƙashin lamba MEPO 3/140 da 3/141, na Ma'aikatar Cikin Gida kuma HO 144/220 da 144/221. Suna da giɓi: fayil ɗin waɗanda ake zargi ya ɓace, wasu takardu kuma sai a 1987 wani da bai bayyana sunansa ba ya mayar da su Scotland Yard ta gidan waya. Kisan Eddowes ya faru ne a tsohon birni, mai rundunarsa daban, kuma yawancin takardun wannan runduna sun halaka a ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin matan biyar, na Eddowes da na Kelly ne kawai takardun zaman binciken mutuwa na hukuma suka tsira. Ga sauran sai a koma ga jaridu irin su The Times da Daily Telegraph, a gwama su, domin sukan saɓa a sunaye da lokuta.

Don sanin wa ke bayan kowace ƙofa, ana amfani da ƙidayar jama'a ta 1881 da ta 1891, amma babu wadda ta faɗo a shekarar kisan, kuma ƴan haya ba sa daɗewa. Taswirar talauci ta Charles Booth ta 1889 tana nuna halin kowane titi. A kula da sunaye: Buck's Row, inda aka kashe Nichols, yanzu Durward Street ne, titin Berner kuma ya koma Henriques Street.