Katin Awo da Cokali Mai Baki Biyu: Tarihin Kayan Koyar da Kiwon Lafiya Masu Rahusa

Katin awon jarirai da uwaye ke riƙewa idan za su asibiti a ƙasashe masu tasowa yana da tushe a ƙasar Yarbawa, inda wani likitan yara ɗan Ingila mai suna David Morley ya kama aiki a asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha a shekarar 1956. A ƙauyen Imesi-Ile shi da abokan aikinsa suka bi diddigin girman yara tun daga haihuwa, suka ga cewa ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, wato ramar da ƙarancin abinci mai gina jiki ke jawowa, su ne ke ɗauke yawancin waɗanda ba su kai shekara biyar ba, kuma nauyin yaro yakan daina hawa tun kafin ciwo ya bayyana a ido. Daga nan ne ya tsara kati mai layuka wanda ake ɗiga nauyin yaro a kansa wata-wata, ya kuma dage cewa uwa ce za ta ajiye shi a gida, abin da ya saɓa wa al'adar asibitoci ta kulle takardun majiyyata a ofis.

Bayan komawarsa Landan, ɗalibansa daga Afirka da Asiya sukan roƙe shi hotunan da yake koyarwa da su, saboda littattafan likitanci na lokacin suna da tsada, kuma cututtukan Turai suka fi mayar da hankali a kansu. Wannan buƙata ce ta haifar da ƙungiyar TALC a 1965, wadda sunanta ke nufin kayan koyarwa a farashi mai sauƙi. A lokacin ƙungiyar takan harhaɗa hotunan majigi tare da rubutaccen bayani, ta aika su ta gidan waya ga malaman jinya da ungozomomi da ma'aikatan agaji, daga baya ta ƙara da littattafai da wani cokalin roba mai baki biyu, ɗaya na auna gishiri ɗaya na sukari, domin haɗa ruwan da ke mayar wa yaro mai gudawa abin da jikinsa ya zubar. Amfanin cokalin a fili yake, domin gishirin da ya wuce kima yana iya cutar da yaron da ake neman ceto.

A Meziko ma an yi irin wannan ƙoƙari, inda wani mai suna David Werner ya fitar da littafinsa mai taken da ke nufin inda babu likita cikin Sifaniyanci a 1973, sannan da Turanci a 1977, kuma mawallafansa suka yarje wa kowa ya kwafa ko ya fassara muddin ba don riba ba, shi ya sa ya shiga harsuna da dama. Taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗaukaka kiwon lafiya a matakin farko, ya ƙara wa irin waɗannan kaya daraja, kuma a 1982 UNICEF ta sanya awon yara cikin manyan dabarunta huɗu na ceton rayukansu. Sai dai yaɗuwar katin ta fi yaɗuwar hikimarsa sauri, domin a asibitoci da yawa ma'aikaci yakan ɗora yaro a sikeli ya ɗiga alama ya kira na gaba, ba tare da ya zauna da uwar ya nuna mata abin da layin ke faɗa ba, alhali wannan zaman ne Morley ya ƙirƙiri katin dominsa.