Wa Ke Gadon Hukumar da Aka Rushe?

Dokar da ta rushe hukumar gwamnati tana da wani sashe can wajen ƙarshe da ba kowa ke kai wa gare shi ba. Mu da muka yi aikin kadarorin gwamnati kuwa, shi muke fara buɗewa. A nan ake faɗin wanda zai karɓi gidaje da filaye da motoci, da bashin da hukumar ke bi, da wanda ake bin ta, har da ƙararrakin da ta bari a kotu.

Tun 1959 aka yi wa wannan tanadi, da dokar da ta kafa MOFI. Hikimar ita ce minista yau yana nan, gobe an sauke shi, don haka dukiyar ba za ta zauna da sunan mutum ba. Sai aka ba Ma'aikatar Kuɗi wani suna a idon doka, wato MOFI, wanda zai iya mallakar fili da hannun jari, ya kai ƙara, a kai shi.

A shari'a, sai an biya bashin mamaci ake raba gado. A aikin gwamnati akasin haka na fi gani. Dubi NEPA, tsohuwar hukumar wutar lantarki. An haife ta a 1972 daga haɗa hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja. Dokar 2005 ta mayar da ita PHCN, aka yanka ta kamfanoni 18: shida na samar da wuta, 11 na rarrabawa, ɗaya na dakon wutar. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 waɗanda suka sayi yawancinsu suka karɓi makullai. To, bashin fa? Babu ɗan kasuwar da zai sa kuɗinsa ya sayi rigima. Sai aka tattara tsofaffin basussuka da kadarorin da ba na aikin wuta ba aka jibga wa wani kamfanin gwamnati, NELMCO. Mai kyau ya tafi, ƙaya ta tsaya a baitulmali.

Dokar man fetur ta 2021 ta fi fito da hannun minista fili. Ta ba Ministan Mai da na Kuɗi wata 18 su tantance abin da zai koma sabon kamfanin NNPC, abin da ya rage kuma ya zauna da tsohuwar hukumar NNPC har a biya ko gwamnati ta ɗauka. Hannun jarin kamfanin aka raba shi daidai tsakanin MOFI da takwararta ta Ma'aikatar Mai.

A takarda, wannan rabon gado layi ɗaya ne. A ƙasa kuwa, na taɓa shiga sito na wata hukuma da aka rufe, rajistar kadarori ta ce janareta huɗu, muka tarar da ɗaya, shi ma an cire masa ciki. Gidajen ma'aikata suna nan, takardun filayen babu. Wani dattijo ɗan kwangila yana zaune a benci da hukuncin kotu a jakar leda, kullum ana ce masa, "Baba, fayil ɗinka yana ma'aikata." A ma'aikatar kuma babu wanda ya san shi, domin akawun da ya san tarihin aikin an sallame shi ranar da aka rufe ofishin.

Abin da har yau ban ga wata doka ta tanada ba ke nan: a riƙe akawu da mai kula da sito da magatakarda na shekara guda, har a gama ƙidaya a sa hannu.