Wa Ke Koya wa Namiji Zaman Aure? Nazari a kan Makarantar Mazaje da Ajujuwan Sana'a a Damagaram

A shekarar 2008 aka buɗe wasu makarantu goma sha ɗaya a yankunan Magarya da Matamaye, kudancin jihar Damagaram, waɗanda ba su da allo, ba su da benci, ba a kuma jarrabawa a cikinsu. Ɗalibansu duka magidanta ne, wasu har da furfura a gemu. Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a, UNFPA, shi ya kafa su tare da hukumomin lafiya, aka sa musu suna École des Maris da Faransanci, wato makarantar mazaje. Dalilin kafa su wani bincike ne da aka yi a jihar a 2007, wanda ya nuna cewa cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita akwai rashin izinin maigida. Daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, ya ƙetara ƙasashen maƙwabta. Yawancin waɗanda suka yi rubutu a kansa ta fuskar kiwon lafiya suka dube shi. Wannan nazari zai dube shi ne a matsayin sabon babi a tarihin yadda Damagarawa ke koyar da so da riƙon aure, ya kuma gwada shi da ajujuwan koyon sana'a da suka yawaita a Zinder, babban birnin jihar.

Bahaushe ya ce so gamon jini ne, ma'ana ba a zuwa wurin malami a ɗauko shi. Sai dai harshen ya ware so daban, ƙauna daban. So kan faɗo wa mutum kwatsam, ƙauna kuwa sai an zauna, an ci, an sha, an saɓa, an shirya. Tsakanin ranar da so ya shiga da ranar da ya zama ƙauna akwai aiki mai yawa, kuma wannan aiki ya daɗe da samun malamansa a ƙasar Damagaram. Tambayar ita ce wa ake zaunarwa a gaban malaman.

Ajin farko a da shi ne dandali. Can samari da 'yan mata suke haɗuwa da farin wata, ƙarƙashin idon sarkin samari, a koyi magana, a koyi zolaya, a koyi iyakar da ba a tsallakewa. Wannan tsari na samartaka ne gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauka bayan 1974 ta mayar da shi ƙungiyar Samariya ta ƙasa baki ɗaya. Daga dandali sai zance a ƙofar gida, da aboki a gefen saurayi da ƙawa a gefen budurwa, kowane na gyara wa nasa kalami. Har zuwa nan karatun ɗaya ne ga namiji da mace. Da an sa rana kuwa sai hanya ta rabu. Amarya ta shiga lalle, alwanka ta karɓe ta, gwaggo da inna da yaya su yi ta zuba mata nasiha dare da rana: girki, tsabta, yadda ake tarbar dangin miji, yadda ake haɗiye fushi, da taƙaitaccen darasin nan na yi na yi, bari na bari. Ga gyaran jiki da turaren wuta da humra, waɗanda Damagaram ta yi tarayya da Barno a kansu, ba mamaki tunda gidan sarautarta tushen Barebari ne kuma ta daɗe tana kai gaisuwa can. Ango fa? Abin da ake gaya masa ba ya wuce 'yan kalmomi ranar ɗaurin aure: ga amana nan, ci da sha da sutura suna wuyanka. A tashi.

Giɓin ya fi fitowa fili idan ciki ya samu. Mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu can, ta yi wankan jego na kwana arba'in a hannun tsofaffi. Kunyar ɗan fari ta hana uban ko ambaton sunan yaron. An yaba wa macen da ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba. Aikin miji rago da itacen wanka da goron suna. Saboda haka mutum na iya haihuwar 'ya'ya takwas bai taɓa sanin cewa kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani ga mai ciki alamar haɗari ce ba, alhali shi ne mai cewa a tafi likita ko a bari sai gobe. Al'ada ta ba shi hukunci a kan abin da ta hana shi sani.

Ita ma sana'a tana da hannu a cikin wanda mutum zai so ya kuma samu. A Damagaram ta ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, birnin ya cika da maƙera da majema da dukawa, ana jeme fata ana ɗora wa ayarin raƙuma zuwa Tarabulus. André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa yanzu, ya rubuta tarihin wannan zamani a littafinsa na 1971. Sana'a a lokacin gado ce. Ɗan maƙeri a bakin zugazugi yake girma, ɗan majemi a bakin rijiyar jima, kuma idan ya je neman aure abin da za a fara tambaya shi ne ɗan gidan wa ne, mene ne sana'ar gidansu. Mahauci ko wanzami ko maroƙi ya san ƙofofin da ba zai ƙwanƙwasa ba komai yawan son da ake masa. Mace kuma a tsakar gida take koyon kaɗi da saƙar faifai da matsar man gyaɗa, 'yarta ta ɗauki talla. Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi irin nauyin da kayan ɗaki ke da shi wajen darajar mace, kuma da ribar wannan talla ake tara yawancinsu. A wurin tallan ne kuma samari ke ganin yarinya, abin da iyaye suka sani sarai ko da ba su faɗa ba.

Ajin zamani ya warware wannan ƙulli ta gefe guda, domin ya raba sana'a da gado. Yau a Zinder akwai gidajen koyon sana'a na mata da ake kira fwaye, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi da ake kira CFM, akwai shirin Illimin da UNFPA ta soma a 2013 don 'yan mata matasa, inda wata babbar yaya ke tara su tana koya musu karatu da lissafi da sanin jikinsu. Wanda ya leƙa ajin ɗinki zai ga keke biyu ko uku, 'yan mata kuwa sun fi ashirin. Sabuwar ɗaliba ba ta taɓa atamfa. Takardar buhun siminti ake ba ta, ta kakkaɓe ƙura, ta shimfiɗa a ƙasa, ta zana hannun riga da alli, ta yanka, ta jira layinta. Idan ta hau keken ma sai ta yi kwanaki tana taka shi babu zare, allura na huda takarda, har ƙafarta ta daina mayar da ƙafar keke baya. Madam, malamar ajin, na zagayawa da tef a wuya. A ƙarshen layi kuwa, cikin waɗanda ke jira, hira ce ta wanda ya zo zance jiya da abin da ya ce.

Me wannan aji ke yi wa soyayya? Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, kuma Damagaram da Maraɗi suna cikin jihohin da abin ya fi yawa. A irin wannan hali, uzurin "bari ta gama koyon ɗinki" ya fi wa'azin ma'aikatan ƙungiyoyi tasiri a kunnen uba, domin bai ci karo da kowa ba. Ɗinki sana'a ce da ake yi cikin kulle, surukai ma suna so. Yarinya ta samu shekara ɗaya ko biyu, ta ƙara wayo, ta iya cewa wane nake so. Keken ɗinki kuma ya shiga jerin kayan ɗaki, kuma ya bambanta da kwanoni da gado, tunda shi yana kawo dala biyar dala goma kullum. Macen da ke sayen sabulunta da kanta ba ta yin shiru irin na wadda ke jira a ba ta. Amma kada a zuzuta. Kusan kowane shiri ɗinki da saƙa da haɗa sabulu yake koyarwa, har unguwa ta cika da teloli mata babu mai kawo ɗinki sai da salla, kuma da yawa suna gamawa ba su da keken kansu.

Samari nasu ciwon daban ne. Kalaman soyayya ba su ƙaranta gare su ba. Littattafan Kano sun daɗe suna shigowa ta hanyar Magarya da Matamaye, irin su In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fito a 1991, ga finafinan Kano da na Indiya, ga waya. Abin da ya ƙaranta shi ne abin yin lefe da sadaki da ɗakin da za a sa amarya. Wanda ya zauna a fada, inda ake dafa shayi tun la'asar har tsakar dare, zai ji rabin hirar a kan budurwar da wani mai hali ya ɗauke take. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna inda wannan zaman kashe wando ke kai wasu samarin unguwar Kara-Kara. Ga irin wannan saurayi, koyon walda ko gyaran babur ko gyaran waya hanyar aure ce kai tsaye, don tambayar surukai ta sauya daga ɗan gidan wa ne zuwa me yake yi. Sai dai duk abin da ake koya masa a shagon bai wuce yadda zai samu matar ba. Yadda zai zauna da ita har yanzu babu mai gaya masa.

Nan ne makarantar mazaje ta zo da abin da babu shi a da. Kowace makaranta ba ta wuce mutum goma sha biyu, kuma akwai sharuɗɗan shiga: ya kasance magidanci, ya kai shekara 25, matarsa tana zuwa likita, an shaide shi da halin kirki, kuma don kansa ya zo. Suna zama kamar sau biyu a wata, babu shugaba a cikinsu. A shimfiɗa tabarma a inuwa kusa da gidan likita, ungozoma ko ma'aikacin lafiya ya kawo damuwarsa, misali matan wani ƙauye sun daina zuwa awo. Sai a tattauna. Wani ya ce mazan ba sa son namiji ya duba matansu, wani ya ce kuɗin amalanke ne, wani ya ce uwar miji ce ke hanawa. A raba aiki: wane zai sami liman, wane zai yi magana a wurin suna, wane zai je wa maigidan da dare, don ba a yi wa babba gyara a bainar jama'a. A wasu wurare mazan sun gina wa gidan likita makewayi, sun gina wa ungozoma ɗaki don ta kwana kusa.

A ganina ƙarfin tsarin yana ga abu ɗaya da rahotanni ba su cika ambata ba. Ba rashin tausayi ne ke hana magidanci raka matarsa awo ko ɗebo mata ruwa tana da tsohon ciki ba, tsoron a kira shi mijin-ta-ce ne. Mutum ɗaya ba ya iya jure wannan suna a ƙauye. Goma sha biyu kuwa, cikinsu da dattawan da ake jin maganarsu, suna iya mayar da abin ba'a ya zama abin koyi. Kuma hakan ya dace da yadda Bahaushe ke nuna ƙauna, wanda matarsa ba ta kiran sunansa, shi ma ba ya ce mata ina sonki gaban mutane, amma ya san ranar awonta ya tanadi amalanke.

Raunin tsarin ma a bayyane yake. Sharaɗin cewa sai wanda matarsa ke zuwa likita yana nufin an tara waɗanda suka riga suka yarda, mai taurin kan yana waje. Ana auna nasara da rajistar gidan likita, yawan awo da haihuwa a hannun ungozoma, ma'aunin da ba ya ganin kishi ko duka ko sakin da ake yi cikin fushi. Sannan tsarin bai taɓa ikon maigida ba, roƙonsa kawai yake ya yi amfani da shi da kyau. Mafi girma duka, ɗalibin ya zo a makare, bayan ya yi shekaru yana koyo a kan matarsa. Shirin SWEDD da Bankin Duniya ya soma ɗaukar nauyinsa a 2015 ya gane haka, ya kawo ƙungiyoyin mazajen gobe don samari marasa aure, amma saurayin Zinder ba ya barin shagon ogansa ya je zaman da ba a samun ko dala.

Saboda haka ina kira ga hukumomin koyar da sana'a na jihar da fadar Sarkin Damagaram, wadda har yau masu unguwanni da sarakunan sana'a ke jin kiranta, da su kai darasin inda samarin suke. Cibiyar CFM da ke koyar da walda, da shagon gyaran babur mai yara goma a Sabon Gari ko Zango, su ware awa ɗaya a mako, a gayyato ungozoma da magidanci ɗaya daga makarantar mazaje, a yi wa yaran bayanin ciki da haihuwa da haƙƙin mace kafin a yaye su.